Rose Bird, alƙaliyar da aka kai ƙararta akwatin zaɓe

Sau da yawa idan muka buɗe layin tarho a gidan rediyo ana zancen shari'a, sai an samu wanda zai bugo ya ce, ai da talakawa ne ke zaɓen alƙalai kamar yadda suke zaɓen depite, da an ga gyara, domin wanda bai yi adalci ba sai a kayar da shi. Duk wanda ya taɓa kwashe watanni yana zirga-zirga gidan shari'a kan rumfarsa, ko kan bashin da aka ƙi biyansa, ba zai ga laifin mai wannan magana ba. A nan ƙasarmu naɗa alƙali ake yi, sunansa ba ya zuwa akwatin zaɓe. To amma akwai ƙasar da ta daɗe tana gwada abin da masu bugowar nan ke fata, ita ce Amurka. Shi ya sa yau muka ɗauko muku labarin wata mata mai suna Rose Bird, wadda ta shugabanci kotun ƙoli ta jahar Kalifoniya daga shekara ta 1977 zuwa farkon 1987, har ranar da masu ƙuri'a suka ce ta sauka.

Zaɓen i ko a'a

Da farko sai mu fahimci yadda abin yake. A Amurka kowace jaha tana da gwamnan da ta zaɓa, da majalisar dokokinta, da dokokinta, da kotunanta tun daga ƙasa har kotun ƙoli. Alƙalan gwamnatin tarayya su naɗa su ake yi har iyakar rayuwa, amma na jahohi kowace da tsarinta. A shekara ta 1934 Kalifoniya ta zama ta farko da ta fito da wata hanya ta tsaka-tsaki ga manyan alƙalanta masu sauraron ɗaukaka ƙara. Gwamna ne ke zaɓo mutum, wata hukuma ta mutum 3 ta tantance shi, ya kama aiki. Idan zaɓen gwamna na gaba ya zo, sai a saka sunansa a takardar ƙuri'a shi kaɗai, ba abokin hamayya, ba jam'iyya, a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka. Amsa i ce ko a'a, kamar dai zaɓen raba gardama da muka sani. Cikakken wa'adi shekara 12 ne, sannan a sake tambaya. Jahar Misuri ta ɗauki irin wannan a 1940, kuma daga baya jahohi wajen 20 suka bi sahu ta fuskoki daban-daban.

Waɗanda suka tsara abin sun yi nufin alheri. Suna so su raba alƙali da yawon neman ƙuri'a da roƙon kuɗin masu hali, amma su bar wa jama'a wata igiya a hannu da za su ja idan alƙali ya lalace. Shekara 52 aka yi ana wannan zaɓe a Kalifoniya ba a taɓa sauke ko da alƙali ɗaya na kotun ƙoli ba. Galibin mutane ma ba su san sunayen ba, dangwala i kawai suke yi su wuce.

Ɗiyar talakawa

An haifi Rose Bird ranar 2 ga watan Nuwamba na 1936 kusa da birnin Tucson na jahar Arizona. Mahaifinta ya bar gidan, ya kuma rasu tun tana ƙarama, sai uwar ta kwashi ƴaƴanta 3 ta koma jahar New York, inda ta riƙa aikin masana'anta tana ciyar da su. Rose ta yi ƙoƙari a lakwal, ta gama jami'a a 1958, sannan ta karanta aikin lauya a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta gama a 1965, zamanin da mata ƴan ƙalilan ne a wannan fage.

Daga 1966 zuwa 1974 ta yi aiki a gundumar Santa Clara a matsayin lauyar da hukuma ke biya domin ta kare talakan da ake tuhuma amma ba shi da kuɗin ɗaukar lauya. Ita ce mace ta farko da ofishin ya ɗauka. Shekara 8 ta yi tana ganin yadda ake kama mutum, da yadda ake yi masa tambayoyi, da yadda kuskuren ɗan sanda ko na alƙali ke iya cinye rayuwar wanda ba shi da kowa. Wannan aiki ya bi ta har kan kujerar kotun ƙoli, kuma abokan gabanta ba su taɓa mantawa da shi ba.

A 1974 ta taimaka wa wani matashi mai neman kujerar gwamna, Jerry Brown, har tuƙa shi take yi a mota lokacin yaƙin neman zaɓe. Da ya ci, sai ya ba ta ma'aikatar da ke kula da harkokin noma a 1975, ta zama mace ta farko a majalisar zartarwar jahar. Kalifoniya jaha ce ta manyan gonaki, kuma mafi yawan ƴan ƙwadagon da ke noma su talakawa ne ƴan asalin Meziko. A lokacin ana tilasta musu aiki da wata hauya mai gajeriyar ƙota da ba ta wuce kamu ɗaya ba. Wani zai ce ai mu ma muna noma da irinta. Bambancin shi ne manominmu a gonarsa yake, idan bayansa ya gaji sai ya miƙe ya huta. Su kuwa wuni suke yi a sunkuye, kuma masu sa ido na son hauyar ne domin duk wanda ya miƙe daga nesa za a hango shi. Da yawa sun tsufa da lalataccen baya. A 1975, bayan wani hukuncin kotu, gwamnatin jahar ta haramta hauyar lokacin Rose Bird na riƙe da ma'aikatar. A wannan shekara kuma tana cikin waɗanda suka rubuta dokar da ta bai wa ƴan ƙwadagon gona damar zaɓen ƙungiyar da za ta yi ciniki da masu gonaki a madadinsu. Ku riƙe wannan a zuciya, domin manyan masu gonakin za su sake ɓullowa a labarin.

Kan kujera

A farkon 1977 gwamna Brown ya naɗa ta shugabar kotun ƙoli. Shekararta 40, ba ta taɓa zama alƙali ko a ƙaramar kotu ba, kuma ba a taɓa samun mace a wannan kotu ba. Hukumar tantancewa ta amince da ita da ƙuri'a 2 a kan 1. Tsofaffin da suka daɗe suna jiran kujerar ba su ji daɗi ba, ita kuma ba ta iya lallashi ba. Ta rabu da ƙasaitacciyar motar da aka keɓe wa shugaban kotu, ta rage kashe kuɗi wajen tarurrukan alƙalai, ta kawo nata mataimaka ta jingine waɗanda ta tarar. Wasu suka ce tana tattalin dukiyar jama'a, wasu suka ce ba ta ganin kowa da gashi kuma ba ta yarda da kowa ba. Har masu ƙaunarta sun yarda cewa ta tara maƙiya a cikin gida fiye da yadda ya kamata.

Zaɓenta na farko ya zo a watan Nuwamba na 1978. Da safiyar ranar zaɓe jaridar Los Angeles Times ta buga cewa kotun na ɓoye wani hukunci da zai ɓata wa jama'a rai, wai sai an gama zaɓe a fito da shi. Duk da haka ta tsallake, amma da ƙyar, da kashi 51,7 cikin 100. Shekara mai zuwa aka yi bincike a bainar jama'a kan wannan zargi, aka rufe ba a tuhumi ko alƙali ɗaya ba. Sai dai sunan kotun ya riga ya ɓaci. Kuma da yake ragowar wa'adin wanda ta gada take cikawa, dole ta sake komawa gaban masu ƙuri'a a 1986.

Hukuncin kisa

A ranar da ta tsallake da ƙyar ɗin nan, masu ƙuri'a sama da kashi 70 cikin 100 sun amince da wata doka da ta faɗaɗa laifukan da ake yanke wa hukuncin kisa. Shekarun nan kashe-kashe da fashi sun yi yawa a biranen Amurka, mutane na cikin tsoro. A dokar Kalifoniya duk hukuncin kisa sai ya hau kotun ƙoli an duba shi, ko wanda aka yanke wa bai nema ba. Shari'o'i sama da 60 irin waɗannan suka zo gaban Rose Bird, kuma a cikin kowace ɗaya ta ce a soke hukuncin. Ba ta taɓa amincewa da ko guda ba.

Abubuwa biyu ya kamata mu sani a nan. Alƙalai 7 ne a kotun, sai 4 sun haɗu ake yanke magana, saboda haka ba ta taɓa soke hukunci ita kaɗai ba, kuma a mafi yawan shari'o'in rinjayen alƙalan yana tare da ita. Na biyu, soke hukuncin kisa ba buɗe ƙofar gidan kaso ba ne. Yawanci ana nufin a sake shari'ar, ko a sake duba irin horon da ya dace. Dokar ta 1978 an rubuta ta cikin gaggawa, tana da giɓi da yawa. Misali, a 1983 kotun ta ce idan mutum ya mutu a wurin fashi, ba za a yanke wa ɗan fashin kisa ba sai an nuna ya yi niyyar kashewa, kuma wannan hukunci kaɗai ya rushe shari'o'i masu yawa da aka riga aka gama.

To amma uwar da aka kashe wa ɗa ba ta jin wannan bayani. Akwai wani mutum da ya sace wata yarinya ƴar shekara 2 a 1978, ya azabtar da ita ya kashe ta. A 1985 kotun ta tabbatar shi ya aikata, amma ta soke hukuncin kisan saboda ƴan sanda sun kwashi wasu rubuce-rubucensa ta hanyar da doka ba ta yarda ba, aka kuma yi amfani da su a shari'ar. Wa zai ji wannan zuciyarsa ba ta tafasa ba? Kuma masu sukarta suna da tambaya mai ƙarfi: ta yaya za a ce shari'a 60 da wani abu, duk ba a samu ɗaya da aka yi daidai ba? Ita ta dage cewa doka take bi. Su kuwa suka ce ra'ayinta take bi, tana fakewa da doka. A cikin kotun akwai wani dattijo, Stanley Mosk, wanda shi ma a ransa ba ya son hukuncin kisa, amma yakan tabbatar da shi idan ya ga an cika ƙa'ida. Shi ma sunansa yana cikin zaɓen 1986, kuma jama'a suka bar shi kan kujerarsa har rasuwarsa a 2001.

Wa ya biya mai shela?

Nan ne labarin ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Yaƙin da aka yi domin a sauke ta ya ci sama da dalar Amurka miliyon 5, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Talakawa da dama sun aika da ɗan abin da suke da shi, cikin fushi na gaskiya. Amma wani babban kaso ya fito daga masu manyan gonaki, da kamfanonin man fetur, da masu harkar gidaje da filaye, da kamfanonin inshora. Waɗannan damuwarsu daban ce. Kotun Rose Bird ta sha yanke hukuncin da ya fifita ma'aikaci a kan kamfani, da ɗan haya a kan mai gida, da mai saye a kan mai ƙera kaya. A 1979 ma ta ce wanda aka ji wa rauni yana iya kai ƙarar kamfanin inshorar wanda ya ji masa raunin kai tsaye, idan kamfanin ya riƙa ja masa rai da gangan wajen biyan diyya.

Sai dai tallan da aka riƙa nunawa a talabijin bai yi zancen inshora ko kuɗin haya ba. Iyayen waɗanda aka kashe aka nuna, cikin hawaye, ana gaya wa mai kallo cewa idan yana son hukuncin kisa ya yi aiki, to ya ce a'a ga alƙalai 3: Rose Bird, da Cruz Reynoso wanda shi ne ɗan asalin Meziko na farko a kotun, da Joseph Grodin. Gwamnan lokacin, George Deukmejian, shi ne ya rubuta dokar da ta maido da hukuncin kisa a 1977 lokacin yana majalisa, kuma yana neman wa'adi na biyu a wannan zaɓe. Ya fito fili ya ce a sauke ta, daga baya ya haɗa da sauran biyun. Ita kuma ta ƙi yin irin yaƙin ƴan siyasa. Tallanta ya tsaya kan cewa dole alƙali ya bi doka ko da jama'a ba su so, maganar da ba ta shiga kunnen mai fushi.

Ranar 4 ga watan Nuwamba na 1986 aka kaɗa ƙuri'a. Kusan mutum 2 cikin kowane 3 suka ce ta sauka. Reynoso da Grodin ma suka faɗi. Gwamna Deukmejian ya ci zaɓensa, ya ɗora Malcolm Lucas, tsohon abokin aikinsa a ofishin lauyoyi, kan shugabancin kotun, ya kuma naɗa sababbin alƙalai 3.

Abin da kowa ya kwasa

Sabuwar kotun ta juya akalar hukuncin kisa nan da nan. A 1987 ta janye sharaɗin nan na niyya, kuma cikin ƴan shekaru ta koma tana tabbatar da mafi yawan hukunce-hukuncen da suka zo gabanta. Mutumin da ya kashe yarinyar nan an sake yanke masa kisa, amma ciwo ne ya kashe shi a gidan kaso a 2001. Ba a zartar da kisa a kan kowa ba sai a 1992, kuma wanda aka fara da shi, Robert Alton Harris, tsohuwar kotun ce ta tabbatar da hukuncinsa tun 1981, duk da Rose Bird ta ƙi amincewa. Daga 1992 zuwa 2006 mutum 13 kacal aka kashe, daga nan abin ya tsaya. A watan Maris na 2019 gwamna Gavin Newsom ya dakatar da zartar da kisa, lokacin mutum 737 na zaman jira.

Su kuwa kamfanoni ba su jira da yawa ba. A 1988 sabuwar kotun ta soke hukuncin nan na 1979 da ya ba wanda aka ji wa rauni damar kai ƙarar kamfanin inshora. A wannan shekara dai ta rage irin diyyar da ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba zai iya nema. Ke nan abin da aka yi wa jama'a shela a kansa ya zo a makare kuma kaɗan, abin da ba a ambata a talla ba ya iso cikin shekara 2.

Wani tsohon alƙalin kotun, Otto Kaus, ya taɓa kwatanta halin alƙalin da zaɓe ke jiransa da mutumin da ya shiga wurin wanka da safe ya tarar da kada a ciki: yana ƙoƙarin kada ya yi tunaninsa, amma hankalinsa ba ya iya zuwa wani wuri. Kuma abin bai tsaya a Kalifoniya ba. A 1996 masu ƙuri'a a jahar Tennessee suka sauke alƙaliya Penny White bayan shari'ar kisa guda ɗaya tak da ta zauna a kanta. A 2024 aka sauke Yvonne Kauger a jahar Oklahoma, bayan shekara 40 a kotun ƙoli, shi ma da taimakon tallace-tallace masu tsada.

Mai riƙe da tiya

Kowace mai sayar da hatsi ta san darajar tiyar da kowa ya yarda da ita. Idan rikici ya tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, wurin wanda ke riƙe da tiyar gaskiya ake zuwa, kuma amfaninsa shi ne ba ya tsoron kowa daga cikinsu. Yanzu a ce duk bayan ƴan shekaru sai kasuwa ta kaɗa ƙuri'a a kansa. Mai ƴar rumfa tana da ƙuri'a ɗaya, babban dillali ma yana da ɗaya. Amma dillali ne ke da kuɗin ɗaukar masu shela su zagaye gari, kuma ba zai ce musu su faɗi cewa tiyar ta hana shi riba ba. Zai nemo laifin da ya fi taɓa zuciyar mutane, mai yiwuwa ma laifi na gaskiya, ya sa a yi ta faɗinsa. Wanda zai gaji tiyar kuwa ya ga abin da ya faru da na gabansa.

Ba muna cewa Rose Bird ba ta da laifi ba, kuma ba muna cewa fushin mutanen Kalifoniya na banza ne ba. Alƙalin da ya ci hanci ko ya danne gaskiya dole a samu inda za a kai kukansa, a bincika a fili, a hukunta shi. Wannan haƙƙi ne da ya kamata mu riƙa nema ba gajiya. Abin da labarin nan ya nuna shi ne akwatin zaɓe bai raba alƙali da masu kuɗi ba, sai ma ya buɗe musu wata ƙofar, kuma talakawan da suka fita suka yi layi ba su ne suka fara cin moriyar ba.

Bayan ta sauka a watan Janairu na 1987, Rose Bird ta koma garin Palo Alto tana jinyar mahaifiyarta. Ba ta sake riƙe wani muƙami ba. Ta taɓa zuwa aikin sa kai a wani ofishi da ke taimaka wa talakawa da shawarar lauyoyi kyauta, matasan wurin ba su gane ta ba, suka sa ta aikin fotokopi, ta kuma yi. Ciwon dajin mama da ta fara fama da shi tun 1976 ya yi ajalinta ranar 4 ga watan Disamba na 1999, tana da shekara 63. Sai a 2011 wata mace, Tani Cantil-Sakauye, ta sake hawa kujerar da ta bari. Tun daga 1986 ba a sake sauke wani alƙalin kotun ƙoli ta Kalifoniya ta hanyar ƙuri'a ba, amma duk wanda ya zauna a wurin ya san abin yana yiwuwa.

Mai bugo mana tarho yana neman a ba talakawa zaɓen alƙali, mun ji kukanka, kuma kuka ne mai dalili. Idan muka sake haɗuwa a shiri na gaba, sai ka zo mana da amsar wannan: ranar da za a yi zaɓen, wa zai biya mai shela?